Wuƙar da Tanko ya gyara wa hannuna

Da an sallame sallar asuba Tanko yake ɗibo ruwa a gwangwani ya jiƙa dutsen wasa. Kafin masu koko su fito ya wasa wuƙa biyar ko shida a ƙofar gidansa, bayan tashar manyan motoci ta Gaya. Aikinsa ke nan, wuƙar aljihu mai naɗewa. Yana wasawa, yana sake ƙusa, yana yi mata sabuwar ƙota da ƙahon bijimi.

Yana kuma tarawa. A cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe akwai wajen arba'in, kowace a naɗe cikin tsumma mai man gyaɗa. Wata daga masuntan Tounouga, wata daga wani direba da ya kawo ta daga Kwatano. Waɗannan ba na bayarwa ba ne. Matarsa Zuwera takan ce ko albasa ba a taɓa yanka mata da su ba.

Ni ɗaurin kaya nake yi a kan kamyo, manyan motocin kaya, shekara sha tara ke nan. Bara igiya ta matse mini hannun dama, babban yatsa ya tafi. Ciwo ya warke, amma wuƙata ta gagare ni. Hannun hagu yana riƙe da igiya a saman kaya, na dama ba babban yatsan da zai ja bakin wuƙar ya buɗe. Abdu, shugabanmu, ya ce idan sati ya zagayo ban iya ba, zai mayar da ni shara a ƙasa. Bai yi ƙarya ba, igiyar da ba a yanke da wuri ba tana iya jefo mutum.

Na je wurin Tanko, na fara bayani. Ya katse ni, ya miƙo guntun igiya.

"Riƙe yadda kake riƙewa a sama. To, ciro wuƙar."

Na ciro, na kai baki zan buɗe da haƙori. Ya ce, "Kai, Sanusi, yatsa bai ishe ka ba sai ka haɗa da leɓe?"

Ya duba tawa ya ce bayanta ya yi tauri, ba za ta gyaru ba. Sannan ya jawo akwatin, ya warware guda bakwai, yana ɗora mini ɗaya ɗaya a tafi. Ta shida ta zauna mini a hannu, siririya mai baƙar ƙota. Zuwera ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya sassauta ƙusar, ya huda bakinta wajen gindi, ya dasa ɗan tsinin tagulla. Idan na saƙala tsinin a bakin aljihu na ja, sai ta buɗe da kanta. Ya sa na yi ta yi har aljihun ya fara zare.

Ran Talata na hau kaya, Abdu yana kallo. Na yanke igiya uku, ya tura ni mota ta gaba.

Da na sauko sai ga Tanko a gindin bishiyar bedi, ashe ya biyo ni. Ya karɓi wuƙar, ya shafa tsinin, ya ce yana cin tufa. Ya ciro ƙaramin magagari ya goge shi sau uku, ya naɗe ta ya sa mini a aljihu, ya kama hanyar gida. Bayan damina ya koma Dioundiou wurin 'yarsa.