Katifar da Ba Tasa Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa, shi ya sa ko bayan ya yi ritaya ba mai kiransa da wani suna sai Ma'aji. Aikin ba shi da wuya a ido. Matafiyi ya kawo akwati, ka ɗaura masa lamba ta ƙarfe, ka ba shi 'yar'uwarta, ka ɗora kayan a kanta. Ranar da ya dawo da lambar ka miƙa masa abinsa. Amma Ma'aji ya riƙe aikin nan da taurin kai irin wanda ke gajiyar da mutane. An taɓa barin masa buhun albasa wata biyu, ya ruɓe har ya tsiro, abokan aiki na toshe hanci suna roƙonsa ya bari a tsince masu kyau, ya ce ba nasa ba ne. Kuma yana da doka guda da ya gada daga wanda ya koya masa aikin: kaya ba ya neman mai shi, mai shi ke neman kaya. Naka ajiya ne da jira.

Matarsa, wadda yake kira Uwar Yara, ba ta raga masa. Tana bisa keken ɗinkinta take ce masa, "Kai dai da za a ba ka ajiyar ruwa kana jin ƙishi, gawarka za a tarar a gefen tulu." Sai ya ce ai gara a tarar da tulun a cike. Haka suka tsufa, tana tsiya yana shanyewa. Yara uku suka watse neman abinci a wasu garuruwa, aka bar su da ƙaramar 'yarsu, Auta, mai jiran shagon sayar da waya.

Shekara biyu da ritayarsa ɓarin jikin Uwar Yara ya shanye. Bakin nan mai kaifi ya karkace, kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito. Ma'aji ya mai da jinya aikinsa. Ya koyi juya ta duk bayan awa biyu, ya koyi wanke ta, ya koyi canza zani ba tare da ya ɗaga ta ba. Duk da haka tsohuwar katifarsu ta soso, wadda tsakiyarta ta lotsa kamar kwano, ta ci bayanta. Fatar ƙugu ta fara ja, ta yi baƙi, ta buɗe. Nas ɗin da ke zuwa ranar Talata ta ce gyambon kwanciya ne, magani kuma bai wuce katifar iska ba, irin mai ɗan inji da ke hura wannan layi ya sace wancan don kada jiki ya danne wuri ɗaya. Ta faɗi kuɗinta, Ma'aji ya yi godiya, ba a sake tayar da maganar ba.

Wata ranar Laraba da hantsi motar kai kaya ta tsaya a ƙofar gida. Direban na sauri, ya dire wani babban kwali a zaure, ya miƙo takarda da biro. Hannun da ya shekara talatin yana karɓar kaya bai tsaya shawara da ƙwaƙwalwa ba, ya sa hannu. Sai da motar ta sha kwana ya sa tabarau ya duba. Lambar gidan tasu ce, amma layin ba nasu ba ne, sunan layin da na mai kayan duk bai san su ba. A jikin kwalin kuwa ga hoton katifa mai layi-layi da ɗan injinta.

Da Auta ta dawo ta gani, ta dafe ƙirji. "Baba, tsuntsu daga sama gasasshe! Kawo wuƙa."

"Ba namu ba ne."

"To na wa ne? Har zaure aka kawo mana. Ba mu sata ba, ba mu roƙa ba."

"Kira min kamfanin."

Ta kira tana harararsa. Bayan an gama yi musu kiɗa a kunne, wata mata ta ɗauka. Ta ce sun kyauta da suka sanar. Ta ce kada su buɗe, su ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba, ɗauka da kuɗin mota duk a wuyan kamfani ne. In kuma kwana talatin suka cika ba a zo ba, a tsarin kamfaninsu kayan ya zama nasu. Ma'aji ya rubuta ranar a bayan kalanda. Auta ta ce ai ga sunan layin nan a rubuce, ko za a leƙa? Ya ce mai kaya shi ke neman kayansa. Ita kuwa, da ma ba son a leƙa take ba, ta wuce ɗaki abinta.

Zaure na yoyo, don haka kwalin ya koma ɗakin jinya, ya jingina da bango daidai inda idon Uwar Yara ke sauka. Babu azabar da ta fi wannan. Kullum da safe Ma'aji na ɓare bandeji, yana goge ruwan ciwon da auduga, tana cije leɓe hawaye na gangarowa cikin kunnenta, maganin kuma na tsaye taku uku daga gadon, da salatif ɗinsa. Gyambon da ya fara kamar kwabo ya kai faɗin tafin hannu. Ɗakin ya ɗauki wani wari da turare ba ya kashewa. Nas ta ga kwalin, ta dubi tsohon, ta ce, "Baba, wannan ba gaskiya ba ce, mugunta ce." Auta ta daina gaishe shi. Shi kansa ya rame, don ba dutse ba ne a ƙirjinsa, yana son matar nan fiye da yadda bakinsa ya taɓa iya faɗa. Amma kowace safiya sai ya ja layi ɗaya a kalanda ya koma bakin aiki.

Ranar talatin da ɗaya ya sake kiran kamfani, aka yi ta kiɗa ba a ɗauka ba. Ya ɗauko wuƙa da kansa, ya tsaga salatif. Suka shimfiɗa katifar, inji ya fara gurnani a hankali. Da suka kwantar da ita, Uwar Yara ta saki wani dogon numfashi, kafin azahar ta yi barcin da rabonta da irinsa tun kafin fatar ta buɗe. Ma'aji ya zauna a kujera yana kallonta, yana kuka ba sauti.

Kwana biyar aka yi haka. A na shida aka yi sallama a ƙofa. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, da ƙurar alli a hannun rigarta, malamar makaranta. Ta ce ita ta sayi katifa don mahaifinta, ta tara kuɗin wata bakwai. Sati biyar tana zarya, kamfani na ce mata an kai har an sa hannu, ita ce ke son cin banza. Sai jiya wani a kamfanin ya tausaya mata ya ba ta hoton takardar, ya kwatanta mata gidan da aka sauke kayan. Ta miƙo. Ma'aji ya ga sa hannunsa, tsaf, irin na ma'aikacin da bai taɓa kuskure ba.

"Ina ne gidan naku, 'yata?"

"Bayan gidan mai, Baba. Layi na uku daga nan."

Layi na uku. Tafiyar da ba ta kai ya je kanti sayen auduga ba.

Auta ta tare ƙofar ɗaki. "Yaya, ki yi haƙuri, amma mun sanar, mun jira kwana talatin, su suka ce ta zama tamu. Rigimarki da kamfani ce, su biya ki."

"Na sani," in ji malamar. Ba ta ɗaga murya ba. "Za su biya, wata rana. Ciwon bayan mahaifina ne ba zai jira ba. Ƙashi ake gani."

Ma'aji ya tsaya a tsakar gida. Karo na farko a rayuwarsa ƙa'ida na gefensa, kuma ba ta yi masa amfanin komai ba. Ya san wannan warin, ya san wannan bandejin, ya san sa hannunsa ne ya kwantar da wani tsoho sati biyar a kan ciwo, shi kuma yana nan yana jan layi a kalanda yana ganin kansa mai amana.

Daga cikin ɗaki aka ji ƙwanƙwasa. Uwar Yara ce ke buga ƙarfen gado da hannunta mai lafiya. Ta ji komai. Ya shiga ya sunkuya, ta yi ta kokawa da harshenta har kalmomin suka fito.

"Ɗa... ga ni."

"Uwar Yara..."

"Ma'aji," ta ce, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ja, irin na tsiyar da. "Mai... kaya... ya zo."

Auta ta fita da gudu tana kuka. Shi ya kashe injin, katifar ta fara sacewa a ƙarƙashinta. Ya zura hannuwansa ya ɗauke ta, ba ta fi nauyin akwatin ɗalibi ba, ya mayar da ita cikin ramin tsohuwar katifar. Ya ji yadda jikinta ya ƙanƙame da bayanta ya taɓa soso, amma ba ta yi ƙara ba.

Ya goge katifar da ruwan magani, ya naɗe, ya haɗa da injin da wayarsa, har da 'yar takardar bayani, ya ƙirga komai ya cika kamar yadda ya saba. Malamar ta miƙo hannu tana godiya, ya kasa dubanta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana miƙa wa mutane kayansu, bai taɓa miƙa wanda ke ɗauke da ɗumin matarsa ba sai ranar.