Ɗantani Wanzami da Rantsuwar da Ya Karya

Haihuwa da asali

An haifi Malam Ɗantani Lado a shekara ta 1881, a unguwar Didaouré ta garin Sokodé. Mahaifinsa, Lado Wanzami, ya shigo ƙasar Kotokoli tare da ayarin fataken goro yana yi musu aski a hanya, da ya ga garin ya karɓe shi sai ya rataye zabirarsa bai ƙara gaba ba. Mahaifiyarsa Rakiya 'yar manoman ƙauyen Aouda ce, mace mai haƙuri da ƙarancin magana, halin da ɗan nata bai gada ba ko kaɗan.

Karatu da koyon sana'a

A shekara ta 1888 aka sa shi makarantar allo, ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha biyar, ya kuma taɓa littattafan fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa. Daga nan ya dawo gaban mahaifinsa ya koyi aski da ƙaho da kaciya da cire beli, sannan ya koyi sakiya, wato huda ƙurji da ƙarfe mai zafi domin mugunya ta fita mai ciwo ya sami barci. A sakiyar nan ya yi suna. Hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa, har mutanen zango suka riƙa yi masa tsiya cewa kafin ya gama aske maka kai ka ji labarin gari kaf, har da naka.

Aure da iyali

Ya auri Hawa, 'yar wani mai rini a Didaouré, a shekara ta 1904, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu tun suna goye. 'Yar farinsu ita ce Zainabu, wadda aka haifa a shekara ta 1906. Bisa al'adar alkunya, Malam Ɗantani bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya zama hira da ita, in zai yi mata magana sai ya faɗa wa uwarta ko da tana tsaye a wurin. Duk wanda ya san gidan ya san ya fi ƙaunarta a cikin 'ya'yansa, amma shi kansa ba zai yarda a faɗi haka a gabansa ba.

Bayan rasuwar mahaifinsa a shekara ta 1912, wanzaman unguwa suka gabatar da shi shugabansu. Yana kan wannan matsayi Jamusawa masu mulkin ƙasar suka fita, Faransawa suka karɓi ƙasar.

Sakiyar Bukari

A daminar shekara ta 1923 aka kawo masa wani bafatake mai suna Bukari, amininsa tun makarantar allo, da ƙullutu a cinya kamar ƙwan agwagwa. Malam Ɗantani ya ɗauka ƙurji ne da ya ƙi nuna, ya gasa ƙarfe ya huda. Mugunya ba ta fito ba, sai jini. Ramin bai rufe ba, ƙullutun ya bunƙasa ya fashe, kaluluwa ta taso a matsematsi, mutum mai ƙiba ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa alhali yana cin abinci. Tsofaffi suka duba suka ce wannan ciwon daji ne. Bayan wata biyar Bukari ya rasu ya bar marayu huɗu.

Wannan mutuwa ta girgiza Malam Ɗantani ƙwarai da gaske. Ranar sadakar bakwai ya miƙe a ƙofar masallaci, gaban liman da jama'a, ya rantse da Allah cewa daji da ƙarfe ba sa haɗuwa, kuma muddin yana numfashi ba aska, ba allura, ba wuƙar likita da za ta taɓa irin wannan ƙullutu a jikin wani nasa. Da yake shi ne shugaban wanzamai, kuma ga bakin da Allah ya ba shi, maganar ta zama doka daga zangon Sokodé har zangunan Mango da Dapaong. Duk mai ƙullutu sai a shafa masa saiwa da toka, a ɗaure, a jira hukuncin Allah.

Shekarun mayanka

Abin bai bar zuciyarsa ba. Daga shekara ta 1924 ya ɗauki ɗabi'ar zuwa mayanka bayan sallar asuba, wurin abokinsa Na'Allah mahauci, yana roƙon a kira shi duk lokacin da aka feɗe dabba aka sami ƙari a jikinta. Mahauta suka yi ta dariya, suna cewa wanzami ya gaji da kan mutane ya koma hanjin shanu. Bai kula su ba.

A cikin shekaru ya gane abubuwan da ba a koya masa a gida ba. Ya ga ƙari iri biyu ne: akwai mai zama cikin jakarsa, yana mirginawa ƙarƙashin yatsa, a ɓare shi ya fita salin alin, akwai kuma mai saiwa, wanda yake kama naman da ke kewaye da shi ya ƙi sakewa. Ya lura jijiyoyin jini suna taruwa wajen mai saiwar nan suna ciyar da shi, shi ya sa yake ƙiba mai shi yana ramewa. Ya lura kuma ba ya tsallakawa cikin jiki kai tsaye, sai ya fara sauka a kaluluwar da ta fi kusa da shi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne aikin Na'Allah: mahauci ba ya soka wuƙa cikin wurin da ya lalace, kewaye shi yake yi da nisa, ya haɗa da lafiyayyen nama ya yanke ya jefar.

Tun wajen shekara ta 1927 ya tabbata a ransa cewa laifin ba na ƙarfe ba ne, laifin na hudawa a bari ne. Amma bai faɗa wa kowa ba. Ya ji nauyin rantsuwarsa, ya ji kunyar a ce shugaban wanzamai ya lashe amansa, ya yi gum da bakinsa shekara goma sha ɗaya, shi da ba a taɓa sani da shiru ba. A tsakanin nan an kawo wa asibitin gari wani likita baƙar fata mai suna Mamadou, wanda ya yi karatu a Dakar, kuma aƙalla mata biyu na zango sun ƙi yarda ya yi musu aiki saboda maganar Malam Ɗantani, duka biyun sun rasu. Wannan tarihi ba zai ɓoye masa wannan ba, domin shi ma daga baya bai ɓoye wa kansa ba.

Tafiya Dapaong

Zainabu ta yi aure a shekara ta 1925, mijinta Fuseini mai fataucin shanu ya tafi da ita Dapaong. A watan Fabrairu na shekara ta 1938 wata mai sayar da daddawa da ta sauko daga arewa ta tsegunta wa Hawa cewa 'yarta tana da ƙullutu a mama na hagu, wata takwas ke nan tana shafa saiwa. Ba ta aiko gida ba, domin ta san dokar mahaifinta, kuma 'yar fari ba ta da bakin da za ta kai wa uba irin wannan magana. Hawa, wadda shekara talatin da huɗu ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta shaida masa a ranar cewa in 'yarta ta mutu, bakinsa ne ya kashe ta.

Washegari shi da Hawa suka hau kamiyon, wato babbar motar kaya, kwana uku suna hanya ta Mango kafin su isa. Da yake ba ya yiwuwa uba ya duba jikin 'yarsa, sai ya zauna a bayan zana da hantsi, Hawa tana ciki tare da ita, yana tambaya tana taɓawa tana ba shi amsa. Ya tambaya ko ƙullutun yana motsi, ta ce yana motsi amma da ƙyar. Ya tambaya ko fata ta lotsa a kansa, ta ce ta ɗan lotsa. Nan ya san wannan mai saiwa ne. Sannan ya ce ta sa yatsu cikin hammata ta laluba da kyau, ta sake lalubawa, har sau uku. Hawa ta ce babu kaluluwa ko ɗaya. Waɗanda suke tsakar gidan sun ce a nan ya kifa goshinsa a ƙasa yana godiya ga Allah, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya nemi a ba shi Zainabu ya kai ta wurin likita a Sokodé. Dangin mijin suka ƙi, da hujjar da ba shi da yadda zai yi da ita. Fuseini ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ku kuka hana. Mu maganarku muka riƙe." Malam Ɗantani ya amsa masa da cewa, "Ni na faɗa, kuma ban faɗi daidai ba. Ka ba ni ita tun abin bai kai hammata ba, sauran kunyar tawa ce." Fuseini ya yarda, suka taho tare.

Karya rantsuwa da aikin likita

Ranar Juma'ar farko bayan dawowarsu, Malam Ɗantani ya tsaya a ƙofar masallacin da ya yi rantsuwa shekara goma sha biyar da suka wuce, ya bayyana wa jama'a cewa ya yi kuskure, ya daɗe da sanin haka, girman kai ne ya hana shi faɗa. Ya ambaci matan nan biyu da sunayensu, ya nemi gafarar danginsu. Wasu suka yafe, wasu suka juya baya suka tafi. Liman ya yi masa fatawa cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma a ƙofar gidansa da rana tsaka, inda kowa zai gani.

A ranar 14 ga Maris, 1938, likita Mamadou ya yi wa Zainabu aiki. Ya cire maman gaba ɗaya tare da naman da ke kewaye da shi da kuma kaluluwar hammata, bai tsaga ƙullutun ba. Ya sa abin da ya cire cikin kwalba da ruwan magani ya aika Dakar, inda ake da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Mako bakwai ana jira, Malam Ɗantani yana zuwa asibitin kullum har ma'aikata suka ajiye masa kujera. Da takarda ta iso, likita ya fassara masa: daji ne tabbas, amma gefen naman da aka yanka lafiyayye ne ta kowane ɓangare, kaluluwar kuma ciwon bai sauka cikinta ba. Ya ƙara da cewa kada a saki jiki sai an ga shekara biyar.

Shekarun ƙarshe

Zainabu ta warke ta koma ɗakinta a Dapaong. Kowace shekara bayan sallar layya Fuseini yana kawo ta likita ya duba, kowace shekara kuma Malam Ɗantani yana zama a ƙofar asibiti yana jan carbi, ba ya tambayarta komai, sai dai ya tambayi uwarta. A shekara ta 1943 likita ya sallame ta, ya ce ba sai ta sake dawowa ba. Mutanen Didaouré suna tuna ranar, domin tsohon ya yi wa duk wanda ya zo aski kyauta, yana dariya yana share hawaye, har ya yanki kunnen ladan.

Wasu wanzamai sun janye daga gare shi tun bayan Juma'ar nan, suka naɗa wani shugaba, bai yi jayayya ba. Ya ci gaba da sakiyar ƙurji, amma duk ƙullutun da ya taɓa ya ji tauri ba zafi, sai ya rufe zabira ya raka mai shi asibiti da ƙafarsa, yana yi masa faɗa a hanya in ya ga zai noƙe. Ba duka suka rayu ba, domin da yawa sun zo a makare, amma an san mutum tara da suka tashi.

Rasuwa

Malam Ɗantani Lado ya rasu ranar Talata, 6 ga Nuwamba, 1945, bayan zazzaɓin kwana tara, yana da shekara sittin da huɗu. Limamin Didaouré ya sallace shi bayan azahar, wanzamai da mahauta suka ɗauki makararsa, aka binne shi a maƙabartar unguwa kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Ya bar matarsa Hawa da 'ya'ya biyar: Huseini, wanda ya gaji zabira, Mahama, mai aiki a asibitin Sokodé, Jumma, da ke aure a Langabou, Gwamma, autarsu, a Didaouré, da babbarsu Zainabu ta Dapaong, wadda ta iso da ƙafarta ta tsaya kan tukunyar sadakar uku tun safe har la'asar, da goyon 'yar wata goma a bayanta.