Gwangwanin da Ya Lotsa

A shekarun da jiragen ruwa ke yin layi a bakin tashar Jidda, ina aikin dako a wani sito na kayan abinci a unguwar Khumra. A Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Duk da haka, mabuɗin sitonmu na hannun wani Ba'indiye ne, ɗan addinin Hindu, wanda shekararsa uku kacal a ƙasar.

Maigidanmu ya yarda duk gwangwanin da ya lotsa, na madara ko kifi ko nama, a raba mana ran Alhamis. Ba'indiyen ne ke tantance wanda ya lalace, kuma kasonsa ya ninka na kowa. Ni nawa nake kaiwa wani mai kanti a unguwar Kurayyat in sayar. Shi kuwa madara biyu yake ɗauka don shayinsa, sauran ya mayar kan kanta. Ba ya cin nama, balle na shanu.

Abin nan ya tsaya mini a rai. Mutum ga ɗaki mai fanka, ga tikitin jirgi duk shekara, ga rabo mai tsoka, sannan yana wasa da shi. Abokan aikina na ce masa waliyyin gwangwani, ni ne kuma na fi kowa dariya.

Wata rana na same shi yana cin wakensa na rana, na ce ya ba ni kasonsa in sayar mu raba, tunda halal ne, maigida ne ya bayar. Ya ce ya san an bayar, amma don a ci aka bayar. Ya ce a addininsu kowane aiki da haƙƙinsa, kuma abin da mutum ya aikata yana bin sa, in bai same shi a wannan rayuwa ba zai tarar da shi a haihuwa ta gaba.

"Ya akhi, ni ne ke cewa wannan ya lotsa," in ji shi. "Ranar da na fara sayarwa, zan fara murna idan kwali ya faɗi. Halas, shi ke nan, idona ya lalace."

Na ce masa mai ɗaki da fanka ne ke irin wannan magana. Bai musa ba. Ya ce wataƙila da 'ya'yansa na kusa suna kuka, da bai iya ba. Wannan amsar ta fi ba ni haushi.

Da lokacin hutunsa ya zo, maigida ya damƙa mini mabuɗin na wata biyu. Ban saci ko allura ba. Sai dai gwangwanin da a da za a ce lafiyarsa lau, sai in juya shi in ga ɗan tabo. Rabon Alhamis ya ƙaru, 'yan dako suka riƙa sa mini albarka. Maigida ya zo sau biyu, ya dubi tulin, ya dube ni, ya wuce.

Ranar da Ba'indiyen zai dawo, maigida da kansa ya tuƙa mota zuwa filin jirgi, ya ce yalla, maza in zo in riƙe kaya. Na ga ya rungume shi, abin da bai taɓa yi mini ba, ni da muke sallah sahu ɗaya. Suka zauna gaba suna hira, ni ina baya da akwati a cinya har masaukinsa a unguwar Aziziyya.