Ladanin da Bai Taɓa Kurɓa Ba

Yayana Malam Sammani ɗinkin hula yake yi, amma a Ƙofar Marusa da muryarsa aka san shi. Tun yana saurayi shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Idan ya ɗaga murya, har masu waina sai sun tsagaita da hira.

Ciwon ya daɗe tare da shi. Yakan taso masa daga ƙahon zuciya ya huda har gadon baya, musamman in ya ci abu mai maiƙo. Sai ka gan shi a zaure ya duƙunƙune, gwiwa a ƙirji, don a haka kaɗai yake samun sauƙi. Mai kemis ya ce gyambon ciki ne, aka yi ta ɗura masa farin magani. Yana ci yana ramewa, bayan gidansa ya koma mai kitse da wari, ga ƙishirwa ba dare ba rana.

Shekarar da soja suka koma bariki, sabon kansilanmu ya yi alkawarin kujerar Makka ga ladanin masallaci. Yaya ya yi murna har da hawaye. A watan ne ciwon ya kayar da shi, Almu ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Almu amininsa ne tun na makarantar allo, shi ke riƙe masa kiran salla in ba ya nan. Tuwona kuwa ya ci shi ba adadi.

Likita ya danna cikin, ya ce yana zargin wata tsoka ce da ke kwance bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci da daidaita suga. Sannan ya tambaya, a gaban Almu, ko Malam yana shan giya, domin ita ta fi kawo wannan ciwo.

“Subhanallahi! Likita, ko warinta ban sani ba,” in ji Yaya.

Likita ya ce kowa ake yi wa tambayar, ya sa ranar ɗaukar hoto.

Kafin ranar ta zo, magana ta gama unguwa. Almu bai ce Yaya na sha ba, ya fi haka wayo. A bakin masallaci yakan girgiza kai ya ce, “Ku dai ku sa shi a addu'a. Ni mi zan ce? Likita dai ya tambaye shi wani abu.” Dattawa suka aiko wai Malam ya huta har ya ji sauƙi.

Hoto ya nuna tsakuwoyi sun cika tsokar. Likita ya ce irin wannan tun ƙuruciya yake farawa, ba ruwansa da kwalba, kuma ya riga ya jawo ciwon suga. Na yafa mayafi na bi gida-gida ina faɗa. Matan suka ce Allah sarki, Rakiya, Allah shi ba shi lahiya. Ba wadda ta kai maganar gaba.

Ladanci ya koma hannun Almu, shi ne kuma ya hau jirgin Makka. Da ya dawo, da haƙorin Makka a baki, ya kawo wa Yaya tsarabar dabino, wai shi bai san mai suga ba ya ci ba. Ni na karɓa, kuma kaji na zuba wa.

Har yau ban yafe ba, ba na kuma ɓoyewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne la'asar. Yaya na zaure da allura a hannu, sai muryar Alhaji Almu ta fito daga lasifika. Yakan ajiye hular, ya sunkuyar da kai. Na taɓa ce masa ya toshe kunne.

“Kiran ba nashi ba ne, Rakiya,” ya ce, ya ci gaba da amsawa.