Sharar da Aka Yi Wa Jirgina

Shekaruna sun doshi arba'in lokacin da na ga sanarwar, kuma na riga na gaji da neman gurbin digiri na uku, irin gajiyar da ko an ce maka a'a ba ka da ƙarfin jin haushi. Ina koyar da aikin lantarki a wata kwaleji a nan Bauchi. Waɗanda muka fara aiki tare kusan duk sun zama dakta, ni kuwa ina nan ina goge allo.

Sanarwar ta wani ɗakin bincike ce a wata jami'a a ƙasar waje. Ɗalibi ɗaya suke nema, wanda zai yi aiki a kan ƙananan jirage marasa matuƙi: yadda jirgin zai riƙe kansa a iska, da yadda na'urar jikinsa za ta gane abin da ke ƙasa. A kan wannan aikin ƙuruciyata ta ƙare. Ina da jirgi haɗin hannuna, faɗinsa bai fi faifai ba, da kyamara wadda na koya wa gane kwantaccen ruwa, irin wanda sauro ke hayayyafa a ciki. Tallafin karatun yana da iyakar shekaru, kuma wannan ce shekarata ta ƙarshe.

Farfesar da ke riƙe da ɗakin binciken mace ce marar dogon zance. Da muka yi magana ta bidiyo sai ta ce, "Na ga gwajin da ka yi a filin ƙwallo, da robobin ruwan da ka jera da hannunka. Kowa zai iya wannan. Ka tashe shi a kan unguwar da mutane ke zaune, ya gano ruwan da ba kai ka ajiye ba. In ya yi, gurbin naka ne."

Na fara tuntuɓar wani abokin aikina ko zan tashe shi a unguwarsu, Kirista ne ɗan kudancin jiha, yana zaune kusa da barikin Shadawanka. Ban gama bayani ba ya ɗaga hannu. "Oga, kar ka ma fara. Kafin abin nan ya sauko, soja sun kwashe ni da kai."

Sai unguwarmu ta rage, Ƙofar Dumi. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai, domin damina ce, kuma ruwan kwance ba abin nema ba ne a wurinmu. Ga kwatami, ga tsofaffin tayoyi a kan rufin kwano, ga fasassun tukwane da kaskon kaji a kowane gida. Sauronmu ma ya isa shaida.

Na kai wa Baffa maganar, ƙanin mahaifina, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Ya karɓi jirgin ya juya shi, ya leƙa idon kyamarar.

"Yana gani?"

"Yana gani, Baffa."

"To ai namiji ne ya hau katanga."

A unguwa irin tamu, ko kafinta ne zai hau rufi ya toshe yoyo, sai an bi maƙwabta an faɗa cewa za a hau sama, mata su kimtsa ko su shiga ɗaki. Tsakar gida a buɗe take, banɗakunanmu da yawa ba rufi. Ban yi musu da Baffa ba, domin ni ma ba zan so wani ya leƙo matata daga sama ba.

Na bi gida gida. In yi sallama a zaure, mai gida ya fito, mu gaisa har mu tambayi kaji, sannan in yi bayani daga farko. Wani ya tambaya ko gwamnati ce ta aiko ni, wani ya ce ko haraji za a ƙara. Don in kwantar musu da hankali sai na riƙa faɗin gaskiya: karatu ne, wata farfesa ce a Turai za ta duba hotunan. A kowane zaure na roƙa, "Don Allah a bar komai yadda yake. Kada a taɓa ruwa, kada a kawar da komai." Kowa ya ce, "To, Malam, Allah ya ba da sa'a."

Ran da aka sa, ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni, ta ko'ina, gabas da yamma. Na fito na tarar da Inna, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya sa take sallah a zaune, ta duƙa a bakin makwarara tana kore ruwa da guntuwar tsintsiya.

"Inna, me na ce jiya?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baƙuwa za ta ga gidanmu ka ce in bar shi kaca-kaca? Ta ce daga juji ka fito? Matsa ka ba ni wuri."

Na fita lungu. An yashe kwatami, an sauko da tayoyi, an kife tukwane. Ramin da ke ƙofar masallaci, wanda muka yi shekaru muna tsallakewa, an cike shi da ƙasa an daddaɓe. Maza na tsaye suna mini murmushi, suna jiran in yaba.

Jirgin ya tashi, kuma bai taɓa tashi da kyau kamar ranar ba. Iska ta taso bai ko girgiza ba. Ya zagaye unguwa ya dawo ya sauka a gabana, bai gano ruwa ko cikin cokali ba.

Farfesar ta duba ta ce, "Unguwar ce babu ruwa, ko na'urarka ce ba ta gani? Daga nan ba zan iya bambancewa ba." Na yi mata bayani, ta yi dariya, ta ƙara mini lokaci kaɗan.

Na sake bin zaurukan, muryata har ta dishe. Wannan karon na faɗa ƙarara cewa dattin nake nema. Suka sake cewa to. Sai dai kowane gida ya ɗauka maƙwabcinsa ne zai bar nasa, shi kuma ba zai zama wanda za a nuna a Turai ba. Shara ta biyu ta fi ta farko, har da masu shafa farar ƙasa a katanga.

Matata ta ce, "Ka tashe shi kawai ba sanarwa. Kafin su ankara ya sauka." Na san ita ce kaɗai hanya. Wata rana bayan la'asar, an sha ruwa da safe, na ɗauko shi na fito tsakar gida na kunna. Sai na ji ana watsa ruwa a bayan katangar maƙwabcinmu, wata na wanka tana yi wa 'yarta faɗa. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, sannan na kashe na mayar ɗaki. Ba zan ce nagarta ce ba, hannuna ne kawai ya ƙi.

Damina ta ɗauke, lokacin da aka ƙara mini ya cika. Saƙo ya zo cikin ladabi cewa sun ɗauki wani. Na karanta a ofis, na shiga aji na koyar kamar kullum, na hau keke-napep na dawo gida. Ban yi kuka ba, ban ji fushi ba. Barci kawai nake so.

Inna na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, matata na shafa mata man zafi. Tun sharar nan ta biyu gwiwoyin suka kumbura ba su saɓe ba. Ta dube ni ta ce, "Baƙuwar taka ta yi magana kuwa? Ta ga gidan?"

"Ta gani, Inna."

"Ba mu dai ba ka kunya ba ko?"

Na dubi gwiwoyin nan. Na ce, "Ko kaɗan, Inna. Ta ce ba ta taɓa ganin unguwa mai tsabta irin tamu ba."

Ta gyara zama tana murmushi, ta ce to alhamdulillahi, wahalarta ba ta tafi a banza ba.