Kura Mai Jan Sarƙa

Shekarar da mijina ya rasu na koma gidanmu, a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Watari, ni da 'ya'yana da 'yan awakina. Baba ne mai unguwa, amma ya tsufa, idonsa ya yi rauni, don haka yayana ne ke riƙe da gidan. Ƙasarmu ba ta da daji. Gona ce ke bin gona, kana fita daga wannan ƙauye kana hango kwanon rufin na gaba. Tun da na taso ban san kura ba sai a hirar tsofaffi.

Damina ta yi nisa, dawa ta wuce tsayin mutum, dabbobi duk suna turke, sai aka fara cewa wani abu yana cin awaki. A unguwar da ke gabas da mu an wayi gari an tarar da igiya da kan akuya kawai. Mutane suka ce karnuka ne, ni ma haka na ɗauka.

Wata rana da hantsi na ɗauki lauje da buhu na tafi yankan ciyawa a bakin kwazazzabon da ke bayan gonar Baba. Ina durƙushe ina yanka sai na ji ƙarar ƙarfe yana jan ƙasa. Na zaci wani ne ya zo da keke. Da na ɗago, sai ga ta tsakanin karan dawa, kusa da ni ƙwarai. Ƙirjinta a sama, ƙugunta a ƙasa, jikinta dabbare-dabbare, ga wata guntuwar sarƙa a wuyanta tana ja. Warinta ma ya iso ni.

Na sha jin cewa kura matsoraciya ce, da ta ga mutum take gudu. Wannan ba ta gudu ba. Hannuna ta tsura wa ido, sannan ta tako zuwa wajena a hankali, kamar akuyar da ta ga an ɗebo dusa. Na jefa mata buhun, ta tsaya tana sansana shi, ni kuwa na riƙa ja da baya har na ji ƙafata ta taka hanya. Ban san yadda na kai gida ba. Sai a tsakar gida na lura ba takalmi a ƙafata, kuma har lokacin laujen yana damƙe a hannuna, sai da Inna ta ɓamɓare yatsuna ta karɓe shi.

Baba ya aika wa dagaci, dagaci ya sanar da ƙaramar hukuma. Washegari bayan la'asar malamin daji ya zo a kan babur, wani siririn mutum mai sanyin magana. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka cika wurin. Mu mata muka taru a soro muna saurare.

Yayana ne ya fara magana. Ya ce a yanka akuya, a cusa mata guba, a ajiye a kwazazzabon, gobe a wuce wurin. Da yawa suka goyi bayansa. Malamin daji ya ce doka ta hana, kuma kura ta kusa ƙarewa a ƙasar nan. Ya ce guba ba ta zaɓe, duk abin da ya ci mushen zai mutu, ya tambaye su yaushe rabon da su ga ungulu a mahauta. Wani tsoho ya ce gaskiya ne, a zamaninsu kura da ungulu ne ke share mushe, shi ya sa gari ba ya wari. Wani kuma ya ce a zamanin nasu akwai dajin da kura za ta koma, yanzu ina za ta, cikin gonar wa?

"Malam, in ta ɗauki yaro, dokar za ta dawo mana da shi?" in ji yayana.

Malamin ya ce zai nemo keji daga birni a kama ta da rai. Da aka tambaye shi yaushe, sai ya ce bai sani ba, domin ofishinsu ko mota ba su da ita.

Nan Baba ya sa aka kira ni, tunda ni kaɗai na gan ta. Na durƙusa a bakin soro na faɗi abin da na gani. Da na ambaci sarƙar, sai malamin ya juyo gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta daji ba ce," ya ce wa Baba. "Ta masu wasa da kura ce, ta kuɓuce musu. A hannun mutum ta saba cin abinci, shi ya sa ba ta tsoronsa. Kada a bar yara su fita."

Maganar da ya yi don a kiyaye, ita ta ƙara wa yayana ƙarfi. Wuri ya kaure da musu har aka kira magariba. Baba ya yanke cewa a ba malamin zuwa Juma'a, kafin nan kada wanda ya sa guba.

Kwanakin nan ba na so in ga irinsu kuma. Yara suka daina zuwa makaranta. Wake ya nuna a gona ba mai tsinka. In za mu rijiya sai mun haɗa ayari, kowa da sanda. Awakina na mayar da su ƙofar ɗakina, ina ba su ganyen darbejiya suna ƙi. Ko guga aka ja a tsakar gida sai gabana ya faɗi. Ƙaramar 'yata kuwa ɗaure ta nake yi a baya, duk da ta wuce goyo.

Yayana bai jira ba. Shi da wasu suka sa gubar a ɓoye. Da gari ya waye aka tarar da karen maƙwabcinmu a mace, da shirwa da hankaki zube a gefen mushen. Kurar ko kusa da wurin ba ta je ba. Da rana kuma aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanke ragowar zuwa kududdufin da ake shayar da shanu. Sai tsoron ya zama biyu. Baba ya sa aka kewaye kududdufin da ƙaya, ya kuma daina amsa gaisuwar yayana.

Ranar Alhamis da safe wani mai noman rani ya zo a guje, ya ce ga kurar can a bakin magudanar ruwa, sarƙarta ta sarƙe a saiwar wata bishiya. Gari ya ɗunguma, ni ma na bi, don zaman gida ya fi ba ni tsoro. Na same ta ta rame, wuyanta duk miki inda sarƙar ta ci, tana fizga tana wani irin kuka. Maza sun kewaye ta da gatura da taɓare, wani maharbi yana ɗura bindigarsa. Duk fizgar da ta yi sai saiwar ta motsa, mutane su watse su sake dawowa.

Malamin daji ya iso ya shiga tsakaninta da su, ba komai a hannunsa sai waya. Bayansa yana wajenta. Ya ce keji yana hanya, ya roƙe su su ba shi zuwa azahar. Yayana ya ce in saiwar ta tsinke fa? Malamin ya ce to shi ne mafi kusa, da shi za ta fara.

Aka kawo Baba a riƙe da hannu. Ya saurari kowa, sannan ya ce maharbi ya tsaya da bindigarsa a saite, in ta kuɓuce ya harba, in ba ta kuɓuce ba kada wanda ya taɓa ta. Haka muka tsaya cikin rana, ba mai zama, ba mai tafiya. Ni idona yana kan saiwar nan, ina ganin ƙasa tana zubowa daga gefenta kaɗan-kaɗan.

Azahar ta gota kafin wata mota ta iso daga birni da kejin da wasu ma'aikata. Suka jefa nama a ciki, suka tura kejin kusa da ita da dogayen sanduna. Da kanta ta shiga. Sai da aka rufe ƙofar aka yanke sarƙar, sannan malamin ya zauna a ƙasa daɓas, ya nemi ruwa.

An ce gidan namun daji aka kai ta. Mai ita bai taɓa zuwa nema ba. Yayana ya biya maƙwabcinmu haƙuri kan karensa, amma har yau yana cewa sa'a kawai aka yi, da saiwar ta tsinke da wani labarin ake yi. Malamin kuwa, duk lokacin da ya biyo ta garinmu, yakan tsaya su sake taɓa musun a ƙofar gida. Ni ban koma yankan ciyawa ni kaɗai ba sai da aka girbe dawa, fili ya buɗe, ina iya hango mai zuwa tun daga nesa.