Nagode Mai Faci da Tsakuwar Hanyar Bakura

Allah ya jiƙan Nagode mai faci, abokina tun muna yara, wanda muka binne ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Mutumin Dakko ne, ɗan manomi, amma noma bai taɓa kama zuciyarsa ba. Tun yana saurayi ya koyi gyaran keke a Talata Mafara, ya dawo ya kafa rumfa a bakin hanya da famfo ɗaya da kwanon ruwa na neman huji. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yarda da abu sai ya taɓa shi da hannunsa.

A shekarun da ake ginin madatsar Bakolori kekuna suka yawaita. Duk leburan da ya samu aiki sai ya sayi keke, masu albasa da masu kifi ma haka. Manyan motoci kuwa suka farfasa hanyar da ta taso daga Bakura, har aka ba wani ɗan kwangila gyaranta. Kwana tara ya yi ya gama. Aka watsa kwalta sama-sama, aka zuba tsakuwa a kai, aka kwashe kayan aiki aka tafi.

Mutane suna ta murna, Nagode ya je ya tsuguna a tsakiyar hanyar, ya kankare da farce. Jar ƙasa ta leƙo.

Ya ce, "Wagga ba kwalta ba ce, shafa mai ne. Ina motar da ke danne tsakuwa? Wa ya gan ta?"

Babu wanda ya gan ta. An bar wa tayoyin motoci aikin dannewa, su kuwa sai suka riƙa ture tsakuwar gefe, daidai inda mai keke ke raɓewa in mota ta taho. Fasasshen dutse ne mai kaifi, ba irin na rafi ba. In bai huda taya ba, ya zame da ita. Kafin wata guda, da wuya ka ga mai keke a yankin da ba shi da ƙujewa a gwiwa ko a tafin hannu.

Rumfar Nagode ta cika. Daga nan magana ta fara.

Abin da ya faru shi ne, ya gaji da ganin jini a hannun masu kawo masa gyara. Sai ya ɗauki tsintsiyar matarsa Lantana, ya riƙa fita da rana tsaka, lokacin da hanya ba kowa, yana share gefen gangaren da aka fi faɗuwa. Ya lura in ya tura tsakuwar cikin kwata, awaki da masu wucewa sukan dawo da ita, don haka ya riƙa zuba ta a buhu yana kai ta bayan gidansa. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa, mai gyaran keke da tsintsiya abin dariya ne.

Wata rana Jibrin mai albasa, wanda tayarsa ta fashe sau huɗu a mako guda, ya ci karo da shi a gangaren, yana tsugune da buhun tsakuwa a buɗe.

"Sannu da aiki, Malam Nagode. Mi ake shukawa?"

"Kwashewa nike, Jibrin."

"Awo. Mai faci na kwashe abin da ke huda taya. To, Allah shi ba da lada."

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa Nagode ne ke watsa tsakuwa a hanya don ya samu ciniki. Wasu suka zagaya bayan gidansa suka ga tulin tsakuwa ya kai ƙugu, suka ce ga rumbun nan. Masu keke suka fara tura kekunansu a ƙasa su wuce rumfarsa, su kai har Bakura. In ya yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Wata mata ta tambayi Lantana a bakin rijiya ko mijinta na sayar da dutse ne ko na amfanin gida ne. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa tsayawa na dubi tulin nan fiye da yadda ya kamata, kuma ya gan ni.

Lantana ta ce masa, "Malam, ka aje tsintsiyar nan. Sunanka ya fi gwiwar kowa."

Ya ajiye. Cikin kwana goma tsakuwa ta sake taruwa a gangaren, Jibrin ya zame da buhu biyu na albasa ya goce kafaɗa. Nagode ya zaci yanzu za a gane. Sai ga shi ana cewa ai haushi ya ji don an tona shi, ya ƙara zubawa.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. Ranar Talata, da hantsi, lokacin da duk ƙauyuka ke kwarara zuwa kasuwar Mafara, ya fito da tsintsiya da buhu ya tsaya a gangaren a gaban kowa. Ya fara shara a hankali, yana ɗaga kowane cikin tafi sama kafin ya zuba a buhu, don mai ido ya gani. Masu keke suka rage gudu suna kallo. Wani ya ce, "Yau kuma wasan kwaikwayo ake muna?" Ya ci gaba da shara.

A da, in ba kowa a hanya, yakan ji mota tun daga nesa ya matsa ya juya baya. Ran nan hankalinsa na kan fuskokin mutane. Wata tifa ta taho a guje, tayarta ta harbo dutse, ya same shi a idon hagu. Ya zauna a ƙasa, tsintsiyar na hannunsa, jini na bin yatsunsa. Aka kai shi asibiti a bayan wata motar albasa. Idon bai tsira ba.

Da ya dawo gida mutane suka yi ta zuwa dubiya, kowa kansa a sunkuye. Babu wanda ya ambaci tsakuwa. Jibrin bai zo ba sai ranar da aka sake buɗe rumfa. Ya turo kekensa da hannu ɗaya, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, sa'an nan ya ce tayar baya na sacewa.

Nagode ya ciro robar ciki, ya hura, ya bi ta cikin kwanon ruwa sau biyu, yana karkata kai don ya duba da ido mai gani. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

Ya ce, "Jibrin, wagga taya lahiya lau take."

Jibrin ya ce, "Na sani. Ka dai yi mata faci."

Abokina ya goge robar ta bushe. Sa'an nan ya jawo almakashi ya yanko roba, ya manna a inda babu huji.

Shekara talatin da wani abu ya ƙara yi a rumfar nan, ya aurar da 'ya'ya biyar. Allah ya sa ya huta.